Dainoso Tara a Alkuki

Na farkon da na samu, cikin gwangwanin biskit ya shigo gidanmu. Babana malamin dabbobi ne na En'e a Tambuwal, shi ke bin rugage da allurar shanu. A shekarar da aka samu 'yancin kai, Baturen likitan dabbobi da ke zuwa musu rangadi daga Sakkwato ya kwashe iyalinsa ya koma ƙasarsu. Abin da ya kasa ɗauka ya rabar wa ma'aikata. Rabon babana shi ne gwangwanin nan, cike da tarkace: maɓallai, makullan da ba a san ƙofarsu ba, kwalaben magani babu magani a ciki. Inna ta zazzage shi a tabarma tana tsince maɓallan, sai wani abu kore ya gangaro ya tsaya a bakin ƙafata.

Tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Roba ce mai tauri. Jikinsa kamar tulu, ƙafafu huɗu gajeru masu kauri, wuya dogo irin na raƙumi amma babu tozo, kai ɗan mitsitsi da baki a rufe. Akwai wani siririn layi da ya taso daga hancinsa ya bi tsakiyar gadon baya har ƙarshen wutsiya, inda aka haɗa ɓari biyu. Na daɗe ina bin layin nan da farce.

"A jefar da ƙazantar nan," in ji Inna, idonta kan maɓallai.

Da ni take, amma ba za ta ce da ni take ba. Ni ce 'yar fari. A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yabonta, ba ta shigar mata faɗa a gaban mutane. In za ta aike ni, bango take gaya wa. Na ɗauke abin na soke shi a ƙugun zane, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

A makaranta mu mata ba mu da yawa, a layin baya muke zama, ni kuma a ƙarshen layin. Muryata ba ta kai gaban aji. Na yi ta yawo da abin nan a ƙuguna har damina ta kusa fita kafin na iya tsayawa bayan an tashi, na ajiye shi a teburin malaminmu ban ce komai ba. Ya juya shi, ya ga rubutun boko a ƙasan cikinsa, ya yi ta haɗa baƙaƙen yana kasawa. Washegari ya zo da wani littafi da ya yi karatu da shi a kwaleji, ya buɗe mini shafi guda. Ya ce sunansu dainoso, manyan dabbobi ne da suka zauna a duniya tun babu mutane, sun mutu sun ƙare, ƙasusuwansu kawai ake tonowa a cikin dutse.

Ban ji rabin bayanin ba. Shafin nake kallo. Ga nawa can a tsakiya yana cin ganyen bishiya, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai mai ƙaho uku, akwai mai zarto a gadon baya, akwai wani da ke tsaye kan ƙafa biyu da 'yan hannuwa kamar na jinjiri da haƙora cike da baki. Tun daga ranar na kasa zama lafiya da guda ɗaya.

Ashe sauran suna cikin garin. Kukun Baturen mutumin Tambuwal ne, da aiki ya ƙare ya dawo gida da buhun kayan da yaran Baturen suka bari, ya baje a kasuwa, suka watsu gida-gida. Ni kuwa kullum bayan makaranta ina tallar ƙuli-ƙulin Inna. Ba ni da kirki a talla, don ba na iya ɗaga murya, sai dai in yi sallama in tsaya kamar an dasa ni har wata ta gaji ta ce in sauke. Amma talla tana shigar da yarinya kowane gida, kuma mai shiru ba a lura da inda idonta yake.

Mai ƙaho uku a shagon wani tela na gan shi, yana danne yadi kada iska ta ɗaga. Na kawo masa wani dutse mai santsi da na wanke, na ajiye kusa da shi, na tsaya. Ya dube ni, ya dubi dutsen, ya yi dariya har keken ɗinkinsa ya tsaya, ya miƙo mini. Mai haƙora yana hannun wata 'yar ajinmu, na ba ta kofin da aka raba mana a makaranta ranar bikin 'yancin kai. Wani mai bakin agwagwa, wata tsohuwa ta yi marfin gora da shi, ta cusa wutsiyar a bakin gorar. Na yi mata ɗibar ruwa rani guda kafin ta sake shi. Mai zarto a baya kuwa a wuyan ƙwaryar wata 'yar Fulani mai tallar nono na gan shi, ta ɗaure shi da zare a matsayin ado. Danginta sun sauka bayan gari ne bayan girbi, na san da ciyawa ta ƙare za su tashi. Na ba ta ɗan madubina da warwarona duka. Da na dawo hannu fayau, Inna ta gaya wa turmi cewa wasu 'ya'yan ba su san zafin nema ba.

Akwai wanda ban samu ba. Mai fukafukai ne kamar na jemage, wani direban babbar mota da ke bin hanyar Sakkwato ya rataye shi jikin madubinsa. Duk ranar kasuwa in motar ta tsaya sai in je in tsaya da farantina ina kallonsa yana lilo. Wata rana motar ta daina zuwa.

Guda tara na tara. A ƙaramin ɗakin da kakata ta zauna kafin ta rasu nake kwana, kuma a jikin bangon akwai alkuki, ɗan gurbin da ake ajiye fitilar mai a da. Tun da aka sayi fitilar ƙwai ba a sa komai a ciki. Na share shi, na shimfiɗa farin yashi da na tankaɗe, na jera su. Wani lokaci bisa tsayi, wani lokaci bisa launi, koraye gefe guda, masu ruwan toka gefe guda. Ran Juma'a nakan wanke su da guntun sabulu, in bi tsakanin haƙora da ƙasan zarto da tsohon asawaki. In na gama sai in zauna a bakin gado in kalle su. Ba na sa su faɗa, ba na yi musu murya, ba na yi musu aure kamar yadda ƙawayena ke yi wa 'yar tsana. Kallo kawai. Na san wanda idonsa na hagu ya fi na dama zurfi, na san wanda ƙafarsa ɗaya ba ta taɓa ƙasa sai an tara mata yashi.

Haka muke har Goggo ta dawo. Yayar babana ce, ta yi aure a Fakku, can ƙasar Kebbe, mijinta ya rasu, ta gama takaba ta dawo gidan ubanta. Ta sauka da akwati da buta da buzun salla, kai tsaye ta nufi ɗakin, don ɗakin uwarta ne. Ni ce na shigar mata da akwatin. Ta tsaya tana duba rufin, ta duba gado, sannan idonta ya faɗa kan alkuki.

"Mi na wanga?"

Na sunkuyar da kai.

"Ke, ɗiyar boko, magana nika miki. Ko can ba a koya muku amsa manya?"

"Dainoso na, Goggo."

"Dai mi?"

Na yi ƙoƙarin maimaita abin da malaminmu ya ce: dabbobi ne na da, sun ƙare tun kafin mutane.

"Sun ƙare? To ran Ɗufana ina sunka tai da anka ce kowace dabba ta shiga jirgi? Ƙin shiga sunka yi ke nan. Kafiran dabbobi kinka jere a ɗakin uwata, inda tsohuwa taka aje fitilar da taka karatu da ita." Ta nuna mai haƙora da bakin buta. "Dubi wanga, da hannu kamar na kuturu, shina dariya. Kwashe su."

Ban kwashe ba. Ban ce ba zan kwashe ba, na dai tsaya ina kallon yatsun ƙafata har ta gaji. A lokacin babana yana rangadi, ita kuma ba za ta taɓa su da hannunta ba, ta ce ba za ta ɓata alwalarta ba.

Daga ranar aka ja daga. Goggo ta ce mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da gumaka, don haka ba za ta yi salla a ciki ba. Ta fito da buzunta tsakar gida. Ba kuma gindin darbejiya take shimfiɗa shi ba, inda akwai inuwa. Tsakiyar rana take zaɓa, azahar da la'asar, inda duk matar da ta shigo aron rariya za ta gan ta tana zufa ta tambayi dalili. Ita kuwa tana da amsa a shirye.

"Ɗakin na da masu shi. Ni baƙuwa ta, ina ni ina matsa ma iyayen gijin ɗiyar ƙanena?"

Kafin kasuwa ta zagayo, unguwa ta ɗauka. In na yi sallama da farantina sai in ji an ce, "Ga mai dodanni nan." Wata mata ta ɗaga ƙuli-ƙulin ta shinshina, ta ce da wane hannu na ɗauko shi, ta mayar. Yara suka riƙa bina suna lanƙwashe hannuwa a ƙirji suna wage baki. Nakan dawo da rabin faranti, in ajiye a ƙofar Inna, ita kuma ta ɗauke.

A cikin ɗaki kuwa yaƙin na shiru ne. In na tafi makaranta, Goggo ta sa sanda ta tura faifai ya rufe bakin alkukin. In na dawo in ɗauke. Ta sa sandar ta ture su su kife. In tashe su ɗaya bayan ɗaya, in gyara yashin, sannan in juya mai haƙora ya fuskanci gadonta daidai. In ta ce in cika mata buta, in zuba rabi. In gaishe ta da safe a durƙushe yadda aka koya mini, amma da ƙarshen leɓe, yadda sai ta ce "Mi kinka ce?" in sake. Ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai ɗiyar boko ko mai gumaka. Ni ma a zuciyata ina da sunan da nake kiranta, ba zan rubuta shi ba.

Inna tana ji tana gani. Wata rana Goggo ta tsaya a kanta tana daka ta ce, "Ke ba ki da baki? Ko ke kinka ɗaure mata?" Inna ta ce, "Ɗiyarku ta, Yaya. Ni mi nawa ciki?" Ta ci gaba da daka, sai dai taɓaryar ta fi sauka da ƙarfi. Wannan ita ce amsar da ta dace, kowa ya yaba mata kunya. Ni ina bayan rumbu ina ji, kuma na so a ce ranar ta rasa kunyar.

Da babana ya dawo, bai gama kwance kaya daga keke ba Goggo ta tare shi. Da farko dariya ya yi.

"Haba Yaya, roba ta fa. Kayan wasan ɗiyan Turawa na."

"Dariya na ba ka? Ni nig goye ka, kana zawo a bayana. Yau ka yi albashi ka san roba." Ta juya. "Gobe a nemo mini mota. Gara in koma Fakku in zauna cikin dangin miji da in mutu a ɗakin da mala'ika ba shi shiga."

Ta ƙi cin tuwon ranar. Babana ya san abin da gari zai ce in yayarsa, gwauruwa, ta bar gidan ubanta saboda 'yarsa. Ya kuma san ni, don ya taɓa leƙowa ya same ni a bakin gado ina kallo, ya ja labule ya koma. Sai ya yi abin da maza ke yi in sun rasa ta cewa a cikin gida: ya aika a roƙi limamin unguwa ya biyo bayan la'asar.

Aka ce in kawo su zaure. Na jera su cikin gwangwanin biskit, na sa tsumma tsakaninsu. Liman tsoho ne, idonsa ya yi rauni, da yatsu yake gani. Babana yana gefensa, Goggo tana tsaye daga ƙofar ciki bayan asabari, ni ina durƙushe a bakin tabarma. Liman ya ɗauki mai dogon wuya ya shafa.

"Wanga raƙumi na da bai ƙoshi ba?"

"Dainoso aka ce musu, Malam," in ji babana.

"Allah mai halitta." Ya ɗauki mai ƙaho uku. "Wanga kam da Fulani sun gane shi da sun saye." Ya yi 'yar dariya, ya mayar. Sannan ya ce gaskiya ne siffar abu mai rai ba a ajiye ta a ɗaki, amma malamai sun yi sauƙi a kan abin wasan yara mata, shi ya sa ba a hana 'yar tsana. Tunda yarinya ce, kuma kayan wasa ne, ba ya ganin laifi.

Har na kai hannu ga marfin gwangwanin.

"Allah gafarta Malam," in ji Goggo daga bayan asabari, "a tambaye ta ko ta taɓa wasa da su."

Ba ta jira a tambaye ni ba, ta ci gaba.

"Ni ɗaki guda nika kwana da ita. Ɗiyar tsana a ƙasa aka ganin ta, a goya ta, a yar, a taka, kai shi cire a sake wata. Waɗanga ko ƙasa ba su taɓawa. Sama ta aza su, ta shimfiɗa musu rairayi mai tsabta. Ran Juma'a ta yi musu wanka, wankan da ba ta yi ma ƙanwarta sai an yi faɗa. Ba mai taɓa su. In ta gama ta zauna gabansu ta naɗe hannu, ba magana, ba motsi, har a kira magariba. Malam, kai ka yi karatu, ni ban yi ba. In wanga wasa na, to ita bauta yaya aka yin ta?"

Duk abin da ta faɗa haka yake, ba ta ƙara ko ɗaya ba. Ban san tana kallona haka ba.

Liman ya juyo da fuskarsa wajena. "Ɗiyata, wasa kika yi da su?"

Da na iya magana, da na ce masa ba roƙonsu nake ba, ba tsoronsu nake ba. Da na ce ina son su cika ne, su zauna daidai, kowanne a wurinsa. Amma ban san sunan wannan abin ba, kuma ban taɓa ganin wani a garinmu yana yin sa ba, in ban da amare da ke jera kwanonin da ba a cin abinci a ciki, su kuwa ba wanda ya ce musu komai. Wannan ma sai bayan shekaru ya zo mini. A ranar abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Kallonsu nika, Malam."

Babana ya sunkuyar da kai. Liman ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce hanya biyu ce. In kayan wasa ne, to su sauko ƙasa, su shiga hannun yara, a yi wasa da su kamar kowane abin wasa. In kuwa za su zauna a sama ana girmama su, sai a cire musu kai, don siffar da ba kai ba siffa ba ce. Ya ce yarinya ta zaɓa.

Na zaɓi ƙasa. Na ɗauka in suna da kai, komai zai zo da sauƙi.

Washegari Goggo da kanta ta leƙa ta katanga ta kira yaran maƙwabta. "Ku zo, mai gumaka ta yi sadaka." Ta zauna a kujerar tsuguno tana jan carbi, ta ce in zazzage. Na ɗauko su ɗaya-ɗaya zan ajiye, ta ce, "Zazzage nic ce." Na zazzage. Hannuwa suka rufe su.

Ban taɓa jin ƙarar da robar nan ke yi in an gwara biyu ba sai ranar. Aka ɗaura wa mai bakin agwagwa igiya a wuya ana ja cikin kwata. Ƙanwata tana haƙori, ta samu wutsiyar mai dogon wuya ta yi ta tauna har ta yi fari ta baje. Aka cika wa mai haƙora baki da tuwo. Ina tsaye jikin rumbu, hannuna a bayana.

"Ke ba ki wasan?" in ji Goggo. "Ai ke kinka ce na wasa na. Zauna ki yi mu gani."

Matan da suka shigo kallo suka ce, "Yi mana, yi mana." Na tsuguna. Na ɗauki mai ƙaho uku, na tura shi gaba kaɗan a cikin ƙura, na dawo da shi. Na sake turawa. Ban san kukan da zan yi masa ba, kuma ko na sani ba zai fito ba. Wata ta ce, "Wanga wasa ko gaisuwar mutuwa?" Aka kwashe da dariya, har da tafawa. Inna tana bakin murhu ta ba mu baya, tana ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Da yamma in na tattara su zan wanke, Goggo ta ce, "Aje sabulun ga. Ba a yi ma abin wasa wanka." A bayan ƙofa suke kwana, a ƙasa, da majina da ƙasa a jikinsu. Ita kuwa ta mayar da buzunta ɗaki.

Ba a daɗe ba aka fara rasa su. Wani mai ruwan toka mai sulke a baya, aka manta shi a bakin murhu, ƙafafunsa biyu suka narke suka haɗe, ɗakin girki ya yi ta wari, aka jefar da shi. Mai zarto kuwa, wanda na ba da warwarona a kansa, wata rana na ƙirga babu shi. Na bi gidajen maƙwabta, na tona juji, na leƙa kwata da kara. Kowa ya ce bai gani ba. Da na dawo ƙafafuna duk baƙi, Goggo ta ce, "Abin wasa ai ɓacewa shika yi. Haka aka gane shi."

Na dubi bakwai ɗin da suka rage. Mai ƙaho uku ƙahonsa ɗaya ya lanƙwashe. Na san kafin damina babu wanda zai saura.

Da safe, ranar da babu makaranta, na shiga ɗakin babana na ɗauki sabuwar reza a cikin kayan askinsa. Yana zaune yana gani, bai tambaye ni ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai inda Goggo ta riƙa yin sallarta a rana, na kori yaran da suka taso, na ɗora katakon yankan kuɓewa a gabana. Na san in na bari, da wuƙar girki Goggo za ta sa a datse su. Na fi son in yi da kaina, a miƙe.

Goggo ta jawo kujerarta ta zauna kusa, har gwiwarta tana taɓa tabarmar.

Robar ta fi yadda na zata tauri. Sai na danna da tafin hannu biyu, ina ja a hankali. Ciki babu rami, launin waje shi ne na ciki. Na fara da mai haƙora, don shi ta fi ƙi, na so ta ga ban ji tsoro ba. Kan ya faɗi kan katako, bakin a buɗe. Mai ƙaho uku ya fi ba ni wuya, don kansa da faifan bayan kan sun kai rabin jikinsa. Da na gama, abin da ya rage kamar guntun dankali mai ƙafafu.

Mai dogon wuya na bari ƙarshe. Na sa rezar daf da muƙamuƙi.

"Ƙasa," in ji Goggo. "Daga gindin wuya."

"Kai Malam yac ce."

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa mayar mata. Ta dube ni, na dube ta.

"Wuyan ga ai shi na kan. Dubi tsawonai."

"In anka yanke nan, ba shi rayuwa," na ce. "Kai Malam yac ce, bai ce wuya ba."

Ta buɗe baki, sai Inna, daga can bakin turmi, ta gaya wa tsakin da take sheƙa cewa ko rago a nan ake yanka shi. Ba ta ɗago ba. Goggo ta yi tsaki mai tsawo. Na danna rezar a inda na sa ta.

Ta tattara kawunan a faifai da tsinken tsintsiya, ta ƙirga da kanta ta ga bakwai ne, ta nufi salga. Na ji ta ɗaga murfin, na ji ta mayar. Ni kuwa na ɗebo ruwa na ɗauko sabulu, ba ta hana ba. Na wanke su da asawaki, na goge bakin yankan da ganyen baure har ya yi santsi. Na zubar da tsohon yashin alkuki na tankaɗo sabo. Na jera su bisa tsayi, sai na ga tsayin ya canja, na sake jeri. Na tara wa mai gajeriyar ƙafa yashi.

Da aka kira azahar Goggo ta shigo, ta dubi alkukin, ta shimfiɗa buzunta a ƙarƙashinsa ta ta da salla. Ina bakin gado, hannuna a cinya. Ta sallame dama, ta sallame hagu, idonta ya sauka a kaina, ya bi inda nake kallo.

"Yanzu kuma mi kika kallo?"

Ban ɗauke ido daga alkukin ba.

"Ke nika tambaya. Ba ido, ba baki, ba kai. Mi ar rage da kika kallo?"

Na gyara zama, na ci gaba.